Ƙashin Inna Batulu da Ranar Bikina

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma gaida duk wanda ya tsaya karanta ni. Sunana Zulaiha, a Kazaure na tashi. Na daɗe ina son ba da labarin nan, sai in ɗauki waya in rubuta layi biyu, in goge. Yau dai na ce ko da hawaye ne sai na rubuta shi. Kun san ni da maganar Nuruddeen, wanda aka sa mana rana, amma ku yi haƙuri, ba da shi zan fara ba. Da kakata zan fara, domin idan ba ku san Inna Batulu ba, ba za ku gane abin da ya sa na tura masa saƙon da na tura ba.

Inna ita ta haifi mahaifiyata. Ina da shekara huɗu mahaifiyata ta rasu, Baba ya ɗauko ni daga Babura a kan mashin, ya sauke ni a zauren Inna da 'yan kayana a ƙunshe cikin ɗankwali. Tun daga ranar ban san wata uwa ba sai ita.

Ku da ba ku gan ta a lokacin ba, ban san yadda zan kwatanta muku ita ba. Doguwa ce sambal, sai ta ɗan sunkuyar da kai kafin ta shiga ƙofar ɗakinta. Fura take yi ta sayarwa, kuma duk unguwarmu an san ƙarar taɓaryarta. Ranar kasuwar Gwiwa mukan hau mota mu je sayen gero. Ina tuna yadda take hana 'yan dako taɓa mata kaya, ta durƙusa ta ɗora rabin buhu a kanta, ta miƙe kamar ba komai, ta kuma riƙo hannuna da ɗaya hannun. Idan muka dawo, duwatsun Kazaure sun fara yin ja da hasken yamma, sai ta saya min rake a tasha, ina sha ina bin inuwarta. Wallahi a lokacin na ɗauka babu abin da zai iya kayar da matar nan a duniya.

Fulani suna kawo mata nono kullum da hantsi. Ta dama min fura da kindirmo mai kauri, ta miƙo min ludayi. Ita kuwa tata da ruwa take damawa, tsululu.

“Inna, ke ba za ki sa nono ba?”

“Nono na masu girma ne, Zulai. Ni na gama girmana.”

Haka take faɗa, mu yi dariya. Haihuwa tara ta yi, kowanne ta shayar da shi shekara biyu, amma ban taɓa ganin ta cika kofi da nono ta kai bakinta ba. Da mijinta Malam ya rasu kuma, sai ta rage fita. Daga ɗaki sai rumfa, daga rumfa sai ɗaki, yara su zo su karɓi fura a ƙofa.

Ban san ranar da Inna ta fara raguwa ba. Abin bai zo da hayaniya ba. Na dai lura wata rana ta shiga ɗaki ba ta sunkuya ba. Sai zaninta ya fara jan ƙasa, ta riƙa naɗe shi sau biyu a ƙugu, tana zagin masu atamfa wai sun ƙara faɗi. Akwai wata ƙusa a bangon rumfa inda take rataye faifai tun kafin a haife ni. Rannan na fito na same ta tana ɗage, tana miƙa hannu, yatsunta suna tsayawa ƙasa da ƙusar. Da ta gan ni sai ta yi kamar bangon take dubawa. Ni kuma, Allah ya yafe min, dariya na yi na ce tsufa ya zo. Bayanta ya fara rankwafawa daga sama, kullum tana cewa sanyi ne ya kama ta, in shafa mata man zafi, ta ce ta ji sauƙi. Na yarda, don ina son in yarda.

A tsakiyar haka Nuruddeen ya shigo rayuwata. Ɗan Roni ne, yana aikin gona na gwamnati a Dutse. Sun zo makarantar firamaren da nake koyarwa rabon dashen itatuwa, yana sanye da shadda ruwan toka, hannun rigar a naɗe, duk laka a takalminsa. Ya tambaye ni inda za a samu ruwa, na nuna masa rijiya, bayan sati biyu sai ga shi a zaurenmu. Inna ta leƙa ta gan shi, ta dawo ta ce, “Wannan angona ne, ke sai dai ki nemi naki.” Tun daga nan ba ya zuwa sai da ɗanyen goro nata daban. Shekara ɗaya da rabi muna tare, manya suka shiga, aka sa rana sati biyu bayan Babbar Sallah. Gidan da za mu zauna a Dutse yake. Maganar wa zai zauna da Inna kuwa, duk lokacin da na tayar sai ta ce, “Ni jaririya ce?”

Saura sati bakwai biki, wata Juma'a da safe, tela ya aiko da ɗinkina. Leshi ne ruwan zuma, an yi masa aikin duwatsu a wuya da hannu. Na saka, na fito tsakar gida ina juyi. Inna tana zaune a tabarma tana tankaɗe. Ta ce, “Tsaya nan, bari in ga bayan.” Ta yunƙura za ta tashi, ta taka bakin zaninta, ta tafi gefe ta dafa ƙasa da hannun dama.

'Yan uwa, ba faɗuwa ba ce wadda za a kira faɗuwa. Ko yaro ya yi irinta tashi zai yi ya ci gaba da wasa. Amma na ji ƙara, ƙas, kamar an karya busasshen kara.

“Inna!”

“Ba komai, ba komai. Kada ki durƙusa ki ɓata kayanki.”

Tana faɗa gumi yana tsattsafo mata a goshi, hannun kuma ya karkace daga wuyansa. Na kira Kawu Sama'ilu, babban ɗanta da ke Kano. Ya ce in aika a kira maɗori, targaɗe ne. Ina neman hijabi sai ga Sista Helen, maƙwabciyarmu, ta shigo da kwanonta karɓar fura. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar kudancin Kaduna, ta fi shekara ashirin a Kazaure, Hausarta ta fi tawa. Ta dubi hannun, ta dubi inda Inna ta faɗi, ta tambaye ni daga ina ta faɗo.

Na ce, “Daga zaune.”

Fuskarta ta canja. “Zulaiha, tare Keke Napep. Kada kowa ya ja hannun nan.”

A asibiti aka yi hoto, aka ga karaya a wuyan hannu, aka sa mata filasta. Likitan bai sallame mu ba. Ya sa Inna ta tsaya jikin bango, ya dube ta daga gefe, ya tambaye ta tun yaushe bayanta ke ciwo. Ta ce kwanan nan. Ya ce a yi hoton bayan ma. Da hoton ya fito ya ɗaga shi a haske, ya nuna min ƙasusuwan baya a jere kamar tubali, biyu daga ciki sun lotsa, sun yi ƙasa da sauran.

“Waɗannan ba na yau ba ne,” in ji shi. “Sun daɗe da karyewa. Su suka rage mata tsawo.”

Na juya na kalli Inna. Ta kau da kai tana gyara mayafi.

Ya tura mu Kano aka yi wani gwaji na auna ƙarfin ƙashi, inda ta kwanta a kan gado na'ura ta bi ta samanta. Sakamakon ya tabbatar da abin da yake zargi, ciwon zaizayar ƙashi. An yi min bayani a can amma kaina bai ɗauka ba. Sai da muka dawo gida, da la'asar, Sista Helen ta zauna da ni a bakin rumfa, ta jawo wani tsohon itace daga cikin na girki, wanda gara ta ci.

“Dubi wajensa, lafiya lau ko? To danna.”

Na danna, yatsana ya shige, gari ya zubo.

“Haka ƙashin Inna ya zama. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo. Mace idan al'adarta ta ɗauke, rushewar sai ta fi ginin sauri. In kuma tun da can ba ta samu isasshen abin da ke gina ƙashi ba, irin nono da madara da ƙananan kifi da zogale, ga rashin shiga rana, sai abin ya fi tsanani. Ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi. Sai ranar da ya karye.”

“Ba shi ne sanyin ƙashin da take faɗa ba?”

“A'a. Wanda mutane ke kira sanyi yawanci a gaɓoɓi yake, gwiwa ta kumbura, ta yi tsami. Akwai kuma wanda ƙashi ke yin laushi saboda ƙarancin sinadarin da rana ke ba jiki, shi ne kike ganin yara ƙafarsu ta gwame, manya ma yana kama su. Na Inna daban ne, ƙashin ne ya zama fanko ta ciki.”

“Yana warkewa?”

Ta ajiye itacen. “Abin da ya lotsa ba zai miƙe ba. Amma ana tsayar da shi, ana ƙara masa ƙarfi. Abin da nake tsoro ɗaya ne, ƙugu. In ta sake faɗuwa ƙugu ya karye, tsofaffi da yawa ba sa tashi daga wannan kwanciyar. Kada a bar ta ita kaɗai, Zulaiha. Ke ma ki fara kula da naki tun yanzu, yana bin dangi.”

Daga ranar gidanmu ya canja. Na kwashe tabarmin da bakinsu ya naɗe, na ɗaga duk wata igiya da tsintsiya daga hanya, na yanke mata zannuwa na kalmashe su daidai tsawonta na yanzu. Akwai ƙwayar da take sha kullum, akwai ta sati-sati wadda ake sha da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, kuma ba za ta kwanta ba sai bayan rabin awa. Da hantsi in fito da ita rana, mu zaga tsakar gida sau biyar tana riƙe da kafaɗata. Ni da aka dama wa fura shekara ashirin, yau ni ke damawa, in zuba kindirmo har ludayi ya tsaya, in tsaya a kanta sai ta shanye.

Abin da ya fi karya min zuciya shi ne sallah. Likita ya hana ta sunkuyo mai zurfi, ya ce ta yi a kan kujera. Ranar farko da na ajiye mata farar kujerar roba a kan dardumarta, ta daɗe tana kallon kujerar. Ta zauna ta kabbara. Da ta zo sujada ta ɗan rusunar da kai, sai na ga hawaye yana ɗiga a kan filastar hannunta. Na fita na shiga kicin na rufe bakina da hijabi.

Saura sati huɗu biki Kawu Sama'ilu ya zo. Ya zauna a kan kujerar sallar Inna, babbar rigarsa ta cika rumfa, ya ce ya gama shawara. Bayan biki zai tafi da Inna Kano, a rufe gidan.

Na ce, “Kawu, gidanka bene ne, ga tayil ko'ina. Kai kana kasuwa, Anti matarka tana wurin aiki. Wa zai riƙe ta in za ta shiga banɗaki?”

“Za a samu mai kula da ita.”

“Ko a ɗaga bikin, Kawu, zuwa ta ƙara ƙarfi.”

Ya cire tabarau ya dube ni. “A ɗaga zuwa yaushe? Ciwon da aka ce ba ya warkewa? An buga kati, an sanar da mutanen Roni, mahaifinki ya gayyaci jama'arsa. So kike a ce ba mu da magana ɗaya? Shekararki ashirin da biyar, Zulaiha. Uwata ce kafin ta zama kakarki.”

Na sunkuyar da kai, don ba a yi min tarbiyyar mayar wa babba magana ba. Kuma kada ku zage shi, ba mugu ba ne, shi ma idonsa ya yi ja da ya ga yadda ta koma. Abin da yake gani daban, abin da nake gani daban.

Da ya tafi masallaci na zauna a gefen Inna ina shafa mata mai a ƙafa. Na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina.

“Inna, yaushe bayanki ya karye?”

Ta gyara zamanta. Sannan ta ce, “Na farko, ranar da na ɗaga turmi, damina biyu ke nan. Na ji kamar an soka min wuƙa. Na biyu atishawa kawai na yi.”

“Me ya sa ba ki faɗa min ba?”

“A satin yaron nan ya fara zuwa zaure. Na ga yadda kike dariya ke kaɗai kina wanke-wanke. Na san halinki, in kin ji, ba za ki ƙara kallonsa ba.” Ta ɗora hannunta mai lafiya a kaina. “Ki yi aurenki, Zulai. Kano ma gari ne.”

Ta faɗi haka tana kallon bishiyar darbejiyar da Malam ya dasa a tsakar gida.

Bayan la'asar na shiga ɗaki na ɗauki waya. Saƙon Nuruddeen na ƙarshe yana nan tun safe: “Amarya, an gama fenti, ruwan madara kamar yadda kika ce. Saura labule. Ya jikin matata ta fari?” Na karanta sau uku. Sannan na rubuta:

“Nuruddeen, ka yafe min. Ba zan iya barin Inna yanzu ba, kuma ban san ranar da zan iya ba. Ciwonta ba na sati ba ne, ba na wata ba ne. An ce kuma yana bin dangi, gara ka sani daga bakina. Ba zan riƙe ka ba. In ka ga ba za ka iya jira ba, wallahi ba zan ga laifinka ba.”

Na tura. Alamar ta nuna ya karanta nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Daga nan shiru. Washegari shiru. Na je makaranta ina koyar da lissafi ina rubuta kwanan wata ba daidai ba a allo, yara suna gyara min. Duk ƙarar da waya ta yi sai in duba da sauri, in ga masu tallan data ne. Kwana biyu cur. Na ce a raina, to Zulaiha, ke kika buɗe masa ƙofa, kada ki yi kuka don ya fita.

Ranar Asabar da hantsi, ina zagaya tsakar gida da Inna, ina sanye da wata tsohuwar doguwar riga duk garin gero, muka ji tsayuwar mota. Aka yi sallama da muryar mace. Wata dattijuwa ta shigo cikin farin mayafi mai bakin zare, ƙamshin turaren wuta yana biye da ita. Hajiya Halima Sa'adiyya ce, mahaifiyar Nuruddeen, wadda ba ta taɓa taka gidanmu ba, ko ranar sa rana ƙannenta ta turo. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta.

Ba ta zauna a kujerar da na kawo ba. Ta kama Inna da kanta, ta zaunar da ita a kai a hankali, hannu ɗaya a bayanta, kamar wadda ta saba. Sannan ta zauna a tabarma a gabanta.

“Inna, mahaifiyata a Roni santsin bakin rijiya ne ya kayar da ita,” in ji ta. “Ƙugu ya karye. Wata takwas tana kwance, ni nake juya ta. Mun ce iska ce, mun ce sammu ne, babu irin hayaƙin da ba mu yi ba. Har ta rasu ba mu san sunan abin ba. Sai shekaranjiya da yaron nan ya zo ya miƙo min waya yana kuka, na karanta, na ce ashe yana da suna, ashe har da magani.” Ta share ido da bakin mayafi. “Gidan Dutse ƙasa ne, ba matakala. Akwai ɗaki a kusa da na Zulaiha, rana tana shigarsa da safe. Na sa ya kira magini a sa ƙarfen dafawa a banɗaki. Ba amarya kaɗai na zo roƙo ba, ku biyu nake so.”

Inna ta ɗaga kai. Ta kalli rumfa, ta kalli turmi, ta kalli ƙofar ɗakinta. Sannan ta ce, “Zulai, ba mu wuri.”

Na fita zaure. Nuruddeen yana tsaye a can, ya rame a kwana biyu, hularsa a hannu.

“Kwana biyu, Nuruddeen,” na ce.

“Na rubuta amsa ta fi ashirin. Duk wadda na rubuta sai in ga magana ce kawai. Na ce gara in zo da abin da za ki gani da ido.”

Ban san tsawon lokacin da muka yi a tsaye ba, shi a bango ɗaya, ni a ɗaya, muna jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa daga ciki. Can sai Inna ta ɗaga murya.

“Zulai! Zo ki jawo min akwatina daga ƙarƙashin gado, mu ga abin da za a ɗauka da abin da za a bari. Ki zo da kanki, an hana ni sunkuyo.”

Na dubi Nuruddeen, ya dube ni, ya rufe fuska da hula. Na juya da gudu zan shiga ke nan sai wayata ta ɗauki ƙara a hannuna. Na duba. Kawu Sama'ilu ne, wanda ya riga ya sa an share wa uwarsa ɗaki a Kano, kuma babu wanda ya gaya masa komai.

Na goge hawayena, na yi bismillah, na ɗaga.